Kujerar Bakin Ƙofa

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina garejin da muke kai motocin ofis gyara, na durƙusa ina ɗaure sabuwar taya a bayan farar bas ɗinmu, sai wayata ta yi ƙara. Sakataren ofis ne. Ya ce, "Malam Ko-kuwa, bar abin da kake yi. Hajiya ta rasu." Na ce masa to. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba idan na bari. Sai da bakanike ya dafa kafaɗata ya ce wannan notin na riga na ɗaure shi, sannan na zauna a ƙasa. Allah ne ya ba mu ke, Hajiya, shi ne ya karɓi abinsa, gare shi kuma dukanmu za mu koma.

Ban tabbata ni ya kamata in rubuta wannan ba. Akwai manyan da suka zauna da ke a tebur, suka san sunan kowace yarjejeniya da kika sa wa hannu. Ni direba ne mai kula da motoci a ofishin da gwamnati ta buɗe don haɗa kan ayyukan agaji a yankunan da yaƙi ya lafa, ofishin da kika shugabanta tun ranar da aka buɗe shi. Karatuna bai wuce sakandare ba. Na saba rubuta abin da ya faru a yinina kafin in kwanta, amma da na duba abin da na rubuta ranar rasuwarki, layi ɗaya na tarar: an canja tayar baya. Shi ya sa na sake ɗaukar biro. Idan na yi kuskure a wani wuri, waɗanda suka fi ni sani su gyara.

Ranki ya daɗe, mutane da yawa sun san ki da bas ɗin nan, amma kaɗan ne suka san dalilinta. Ke kika ba ni labarin, muna hanya. Kafin a buɗe ofishinmu, an mayar da mutanen wani gari gida bayan an daina harbe-harbe. Ma'aikatar lafiya ta gina musu ɗakin shan magani a gabas da gari. Ma'aikatar ruwa ta haƙa rijiyar burtsatse a yamma, kusa da tsohuwar kasuwar da ba mai zuwa. Ƙungiyoyin agaji biyu suka sayo wa makaranta ɗaya kwanon rufi, kowace ba ta san da ɗayar ba, malami kuwa ba a turo ba. 'Yan sanda suka iso babu alƙali. Da rikicin gona ya tashi tsakanin wanda ya dawo da wanda ya tarar yana noma masa fili, aka kulle mutum a ɗaki ba mai yanke masa hukunci, danginsa suka fara wasa wuƙa. Kafin kaka ta zo, kin ga mutanen garin da idonki a bakin hanya, tabarmi a kai, suna komawa sansanin da suka baro. Kika ce mini, "Ba wanda ya ci amana a cikin ma'aikatan nan. Kowa ya yi aikinsa. Ba dai wanda ya tambayi ɗan'uwansa."

Da aka ba ki ofishin, ba a ba ki iko a kan kowace ma'aikata ba. Ɗakuna biyu aka ba ki a ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru, da tsohuwar bas, da ni. Abu ɗaya ne a hannunki: sojojin da ke shingen hanya ba sa barin motar farar hula ta wuce sai da izinin ofishinki. Sai kika ce mota ɗaya za ki riƙa ba izini. Duk mai aikin da zai yi a garin da za a mayar da mutane, na lafiya ne, na ruwa ne, na ilimi ne, alƙali ne ko ɗan sanda, ko baƙo daga ƙasar da ta ba da tallafi, ya ajiye motarsa a harabar ofis ya shigo bas.

An sha wuya kafin a saba. Manyan mutane ne, kowa da motarsa mai sanyi da direbansa. Bas ɗinmu kuwa na'urar sanyinta ta mutu tun kafin a ba mu ita, rediyo kuma kin hana in kunna. Ke kike nuna wa kowa wurin zama, kuma na lura waɗanda ba sa ga maciji da juna su kike haɗawa kujera ɗaya. Ke kanki a bakin ƙofa kike zama, a 'yar kujerar nan da ake naɗewa. Daga nan daraktoci suka laƙaba miki Kwandasta a bayan idonki. Na ji, na ɓoye miki, ina tsoron ranki ya ɓaci. Ashe kin riga ni ji. Wata safiya wani darakta ya tsaya yana jan ƙafa a bakin mota, kika buga jikin bas da tafin hannu kika ce, "Saura mutum ɗaya a tashi! Shigo, Yallaɓai, yau Kwandasta ta yafe kuɗin mota." Aka tuntsire da dariya, har shi. Tun daga ranar sunan ya daina zama zagi.

Ni da nake gaba, ta madubi nake ganin aikinki. Na ga ranar da kika haɗa Injiniyan ruwa da Sista, babbar jami'ar jinya, waɗanda suka shafe watanni suna aika wa juna wasiƙu masu zafi. Rabin hanya kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Can sai Injiniya ya shimfiɗa taswirarsa a cinya, gefenta ya hau kan cinyar Sista. Ta duba ta ce, "Injiniya, wannan ɗigon mene ne?" Ya ce rijiya ce. Ta ce, "Ɗakin haihuwa kuma yana nan. Mai naƙudar ce za ta tashi ta je can ta ɗebo ruwa, ko kai za ka riƙa kawo mata?" Ya yi tsaki, ya ciro fensir daga aljihu, ya goge ɗigon, ya matso da shi. Ke kuwa kina kallon waje kamar ba ki ji ba.

Alƙali ne ya fi kowa ƙin motar nan. Dogo ne, gwiwoyinsa na tokarar kujerar gaba, kuma bai taɓa shiga bai yi mita ba. Kullum sai ya roƙe ki kujerar bakin ƙofa, inda ake miƙe ƙafa, kullum sai kin hana shi. Wata rana ya ce, "Hajiya, gwiwoyin nan nawa za su kai ki ƙara." Kika ce, "A wace kotu, Allah gafarta Malam? Ai ita za mu je mu buɗe."

Kujerar baya kuma kin ware ta ga mutanen garin da za a je, waɗanda 'yan sansani suka zaɓa su je su gano musu. Kin ce gani ya kori ji: kada wani ya koma gida saboda abin da aka karanta masa a taro, ya koma saboda abin da ɗan garinsu ya gani. Duk jami'in da ya makara, a wurinsu yake samun wuri, kuma kafin a isa sai ya ji sunan kowace rijiya da ta rufta da kowace gona da ake jayayya a kanta.

Ba zan ce kullum dabarar tana ci ba, domin ba ki son a yi miki ƙarya kina raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Akwai tafiyar da aka je aka dawo ba wanda ya kalli wani. Akwai ranar da kika bar wani babba a tsaye a haraba saboda ya makara, ya riƙe ki a zuciya har ya bar aiki. Ni kaina abin yana damuna ta wani gefen. Na taɓa ce miki, "Ranki ya daɗe, in wani abu ya same mu a hanyar nan, ai duk an tafi gaba ɗaya, ko kuwa?" Na zaci za ki mayar da shi wasa, yadda kika saba tsokanata da wannan kalma da ba na iya rufe magana sai da ita, har kika sa mini ita suna. Ba ki yi wasa ba. Kika ce, "Na sani. Ba tafiyar da ba na tunaninsa. Ka dai riƙa duba mana birki." Tun daga nan ban taɓa tayar da bas ɗin ba sai na duba mai, da ruwa, da birki, da tayoyi, a jere haka, ko da jiya na duba.

Shekarar da matata ta rasu, na koma cin abinci ni kaɗai a cikin bas idan kun shiga taro. Gida ma haka yake, domin 'yata tilo tana makarantar kwana. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma zaci wani ya lura ba. Sai ga ki wata rana kin fito daga taro da kwanon abincinki, kin zauna a kujerarki ta bakin ƙofa, kin buɗe. Ba ki yi mini nasiha ba, ba ki ce in yi haƙuri ba, waɗannan na ji su har na ƙoshi. Tambayata kika riƙa yi yadda injin mota yake shan iska, ina yi miki bayani kina gyaɗa kai, alhali na san ba abin da ya dame ki da injin. Kin yi haka sau da yawa a wannan shekarar.

Akwai kuma ranar da muke dawowa da yamma, mota cike da manya, kowa ya gaji. Hanyarmu ta bi ta gaban makarantar 'yata, ranar kuwa ranar ziyara ce, na riga na fid da rai. Ban san yadda aka yi kika sani ba. Muna zuwa daidai ƙofar kika buga jikin mota kika ce in tsaya. Kika juya kika ce, "Ku yi haƙuri, manya, direba yana da taro." Suka zauna suna jirana, har da baƙon ƙasar waje da tafintansa, na je na ga yarinyata. Har yau in ta yi mini waya sai ta tambaye ni Mama mai bas.

Gari ɗaya ya rage a wannan yanki, wanda muke kira garin bayan gada. Mutanensa sun daɗe a sansanin da ke gefen birni, sun kuma ji abin da ya sami waɗanda aka mayar tun farko. Suka ce ba za su motsa ba sai wakilinsu ya ga ma'aikatan gwamnati sun shiga garin tare. Wakilin nasu wani tsohon tela ne, wanda ranar gudu ya bar komai ya ɗauki kan kekensa na ɗinki, ya rataya a baya kamar goyo. Kin yi masa alkawarin kujerar baya. Aka sa ranar Litinin ta ƙarshen wata, domin in za su koma, dole su koma kafin ruwa ya sauka su sami shuka. In damina ta same su a sansani, sai wata shekara, kuma tsofaffinsu ba duka ne za su ga wata shekarar ba.

Kafin ranar ta zo ciwo ya kwantar da ke. Na je duba ki a asibiti, na tarar da maigidanki a kujerar roba a gefen gado, yana riƙe da tabaraunki. Kin rame, amma kin gane ni. Na tsuguna na gaishe ki. Abin da kawai kika ce shi ne, "Malam Ko-kuwa, ka canja tayar bayan nan?" Na ce zan canja. Ita nake ɗaurewa lokacin da aka kira ni. Tun daga ranar nake juya tambayar nan a raina. Wani lokaci in ce wasiyya ce kika bar mini, wani lokaci in ce tambaya ce kawai irin ta mai gidan da ta san tayarta ta suɗe. Ban sami wanda zan tambaya ba.

Bayan an yi miki sutura an share makoki, mataimakinki ya riƙe ofis. Mutumin kirki ne, amma gajiya ta kama shi, wayoyi kuma suna zuwa masa daga sama. A taron farko aka amince kowace ma'aikata ta karɓi izinin motarta, ta je lokacin da ya yi mata. Daga baranda na ji. Na daɗe a bakin ƙofarsa kafin in ƙwanƙwasa. Na ce, "Yallaɓai, ranar Litinin a fito da bas, ko kuwa?" Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "In ka fito da ita ba mai hana ka, ga izini. Amma ni ba Hajiya ba ne, ba wanda zan iya tilasta wa."

Jiya ce Litinin ɗin. Na zo da sassafe, na duba mai, ruwa, birki, tayoyi. Na goge kujeru. Na buɗe taki ta bakin ƙofa, sannan na ga kamar ban kyauta ba, na naɗe ta, sai kuma na sake buɗewa. Tsohon tela ne ya fara isowa, da kan kekensa naɗe a tsohon zane. Ya yi mini gaisuwar rashin da aka yi, ya wuce baya ya zauna, ya ɗora keken a cinya. Muka zauna, ni a can gaba, shi a can baya, duk kujerun da ke tsakaninmu babu kowa. Rana ta fito sosai. Ta bakin get na ga motar Injiniya ta wuce a guje, ba ta ko rage tafiya ba. Ban taɓa sanin bas ɗin nan tana da girma haka ba.

Can tsohon ya ce, "Ɗana, in ba za su zo ba, ka mayar da ni sansani. Zan faɗa musu abin da na gani. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba." Na ce, "Baba, mu ɗan ƙara jira." Ban san me nake jira ba. Na fara tunanin ko na yi wauta, ko na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, na sa tsoho ya zo ya ga abin kunya da idonsa, wanda da na bar motar a rumfarta ba zai gani ba.

Sai ga Alƙali ya shigo haraba a ƙasa, da jakarsa a hammata, yana mita tun daga nesa, wai har yanzu ba a ƙone wannan akwala ba. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na nuna masa kujerarki na ce, "Allah gafarta Malam, yau ga wurin miƙe ƙafa." Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya sunkuya ya raɓa ta gefenta, ya wuce har baya, ya matse gwiwoyinsa kusa da tela. Bayansa kaɗan Sista ta iso da akwatin magunguna, idonta ja. Na 'yan sanda bai zo ba, na ilimi ma bai zo ba. Da na ga rana tana neman yi mana nisa, na tayar da mota.

A shingen hanya sojan da ya saba ganinmu ya leƙo da fara'arsa, ya dubi kujerar bakin ƙofa ya ce, "Yau ina Kwandasta?" Ashe labari bai kai musu ba. Sista ce ta faɗa masa. Ya cire hularsa, ya ɗaga mana sandar shingen ba tare da ya karɓi takardar ba.

Da muka isa gada, sai ga motar Injiniya a gefen hanya, shi kuma yana tsaye a rana da taswirarsa a nannaɗe. Na tsaya. Ya shigo, ya zauna kusa da Sista, wurin da kika saba ajiye shi. Ta ce, "Motar taka ta lalace ne?" Ya ce, "Lafiyarta lau. Na zo nan tun ɗazu, na kasa ƙetarawa ni kaɗai." Ta ce, "To buɗe takardar mu gani, kafin ka kai mana rijiya maƙabarta."

Mun yini a garin. Ciyawa ta cinye tituna, ƙofofi a buɗe, ba ko kaza. Su ukun suka zagaya da tsohon, yana nuna musu inda kasuwa take, da filin da za a yi jayayya a kansa in an dawo. Ni na tsaya wurin mota, na ci abincina a ciki ni kaɗai. Da la'asar suka dawo, sai na lura hannun tela babu komai. Na ce, "Baba, ka manta kekenka." Ya ce, "Ban manta ba. Na sa shi a shagona, na jawo ƙofa." Da muka kama hanya ya ƙara da cewa, "Zan ce musu mutum uku na gani, biyu ba su zo ba. Zan kuma ce musu kekena yana can. Sauran ya rage nasu."

Ban san ko wannan zai isa ba, ranki ya daɗe. Ban san ko za su koma kafin ruwa ba, ban kuma san ko bas ɗin nan za ta sake cika ba. Na san dai tsohon da ya goyi ƙarfen nan ya tsere da shi daga wuta, bai taɓa kwana nesa da shi ba, jiya ya bar shi a garinsu. Da na sauke kowa na mayar da mota rumfarta, na juya don in ce miki mun iso lafiya, yadda na saba. Na bar kujerar a buɗe.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata makwancinta, ka haskaka shi. Yadda ta tsaya a bakin ƙofa tana shigar da mutane don waɗansu su sami komawa gidajensu, ka buɗe mata ƙofar rahamarka, ka saukar da ita a gidan da ba a gudu daga cikinsa. Waɗanda ke sansani kuma, ka mayar da su garinsu cikin aminci, ka sa ladan ya riske ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya yi haƙuri da tafiye-tafiyenta shekara da shekaru, yana jiran ƙarar motarmu a ƙofar gida. Baba, Allah ya ba ka haƙurin wannan rashi, ya cike maka gurbin da ta bari da alherinsa. Ga 'ya'yanta mata biyu da ƙaninsu, da jikokinta, da 'yan'uwanta, Allah ya ba ku dangana, ya haɗa kanku yadda ta riƙa haɗa kan waɗanda ba nata ba. Ga abokan aikinta, waɗanda suka zo jiya da waɗanda ba su samu zuwa ba, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.